Robar da aka ɗaure wa ƙanwata a cinya

Ina da cikin ɗana na biyu lokacin da kububuwa ta sari ƙanwata a gonar citta, can bayan Madakiya. Ta zo taya ni aiki ne saboda nauyin jikina. Tana ɗaga busasshiyar ciyawar da muke rufe kunya da ita, abin ya kama ta a idon sawu.

Kafin labari ya iso gare ni, maza sun ɗauko ta sun kwantar a gindin mangwaro, a wajen gida. Wan baban mijina, tsohon da ba a yi wa musu a gidanmu, ya sa an yanko robar tayar keke an ɗaure mata cinya tamau. Ya tsaga wurin da reza, ya manna baƙin dutsen nan da suke cewa yana tsotse dafi. Da na fito da gudu sai aka tare ni a ƙofa, wai idan mai ciki ta matso kusa da wanda maciji ya sara, dafin zai hau. Asibiti ma tsohon ya hana a kai ta, wai allura da dafi ba sa haɗuwa.

Abin da ya fi ƙona min rai, na san ba haka ba ne. Wata nas ta taɓa koya mana a zumuntar mata ta coci: kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire abin hannu da na ƙafa, a hana mutum motsi, a kai shi asibiti da sauri. Na faɗa musu daga bayan danga. Aka ce in koma in yi addu'a, shi ne aikin mata. Na yi, Ubangiji shaida ne, ina yi ina leƙenta tsakanin karare. Samari kuwa duk sun bazu cikin gona neman macijin, kamar shi ne ba shi da lafiya.

Rana ta karkata, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi. Sai na ji muryarta, can ƙasa-ƙasa.

"Yaya, bakina jini."

Ban san lokacin da na ture mai tsaron ƙofar ba. Na tarar dasashinta na zubar da jini. Tsohon ya ɗaga sanda ya ce in kauce. Na ce, "Baba, ka dake ni, amma yarinyar nan uwarmu ɗaya." Na tsayar da wata ƙaramar mota mai dawowa daga kasuwa, muka nufi asibitin Kafanchan, kanta a kan cinyata.

Allurar da aka ce za ta kashe ta, ita ta tsayar da jinin. Ƙafar ce ba ta tsira ba. Likita ya ce ta daɗe jini bai sauka cikinta ba saboda ɗaurin, dole a yanke daga ƙasan gwiwa. Yarinyar da ke zuwa coci a ƙafa tana gaba muna baya.

Tsohon ya zo dubiya, ya tsaya a bakin gado, ya ce haka Allah ya so. Ni da ban taɓa ɗaga masa ido ba, na ce kada ya sa sunan Allah a cikin wannan, ba Allah ne ya ɗaure ta ba. Ƙanwata ta juya fuska bango, ta ce in rufe mata wurin yankan da zane.