Tuwon da Ya Ɓata Mini Fati

Ranar wata Asabar ta watan Mayun 1998, gab da la'asar, ina tsaye a ƙofar gidanmu a hawa na shida a unguwar Liwan ina ƙirga takalman baƙi, takaici kamar ya kashe ni. Na manyan maza ƙafa ashirin da uku. Na 'yan ajinmu uku kacal, an ture su gefen kwandon shara. Wai fatina ke nan.

Shekarata goma sha uku a lokacin, shekara guda da zuwanmu birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda Abba ke sayen rediyo da tocila yana turawa Kano. Ni kaɗai ce baƙar fata a makarantarmu. Ba a dukana, ba a zagina, sai dai a taɓa kitsona a ruga. Kullum da rana ni ɗaya nake cin abinci a ƙarshen benci, kuma ba abin da nake so a duniya kamar wani ya zauna kusa da ni.

Ana haka Yaya Sani ya sayo faifan wani fim a kasuwar lantarki ta Tianhe, irin wanda aka ɗauka a sinima, har inuwar kawunan 'yan kallo na giftawa. Labarin wani yaro ne ɗan sakandare da ba wanda ya san da zamansa. Iyayensa suka yi tafiya, ya tara 'yan makaranta, aka ƙure kiɗa, aka fasa kwanuka, mota ta faɗa kwamin wanka. Ranar Litinin kowa na kiran sunansa. Sau huɗu na kalla, na ce ashe maganin ke nan.

Na zaɓi Asabar ɗin da Abba zai tafi masana'anta a Panyu. Na rubuta takardar gayyata goma sha biyar da guntun Sinancina, na hura balan-balan, na ari rediyon Yaya. Kuskurena ɗaya, na gaya wa Umma. "Baƙi za ki yi, ki ba su biskit? A gidana?" Nan take ta kwance ƙullin kuka da daddawar da take ta tattali tun daga Kano. Abba na jin batun tuwo ya fasa Panyu. Bai tsaya nan ba, bayan sallar Juma'a ya faɗa wa mutum ɗaya. Mutum ɗaya, in ji shi! A garin da fatake ke wata biyu suna fama da taliyar Sinawa, kuma Umma ce kaɗai Bahaushiyar da ke ɗora tukunya a unguwar.

Tun azahar suka fara hawowa, 'yan Kano, 'yan Maraɗi, har da waɗanda Abba bai sani ba. Aka kashe kiɗana, aka naɗe kafet don jam'i, wani ya zauna kan balan-balan ɗina, ƙarar fashewar ta sa ya yi salati. 'Yan ajinmu uku da suka daure suka zo aka sa su tsakiya a kujera. Alhaji Mamman na Maraɗi ya zaro takardar wata masana'antar bokiti ya miƙa wa ɗaya. "Ke 'yar nan, buga musu waya, ki ce kullum meyo, meyo, babu, babu, yaushe za a samu?" Biyu daga cikin 'yan ajin namu suka sulale ko sallama babu. Ni kuwa mai fati ina ta jigilar kwanuka, kowa ya shigo sai na durƙusa, "Kawu ina wuni," "Kawu a ƙaro miya?" Na shiga kicin na fashe da kuka. Can na tarar da ta ukun, Lin, yarinyar da ba ta taɓa ce mini uffan ba, Umma ta ba ta muciya tana tuƙi da hannu biyu, gumi sharkaf.

Ranar Litinin na tafi makaranta ina jiran dariya. Da rana na nufi ƙarshen bencina. Sai ga Lin ta ajiye kwanonta kusa da nawa. Ta daɗe tana juya shinkafa kafin ta ce, "Duk waɗannan kawunnanki ne?" Don haushi na ce eh, duka. Ta ce a gidansu su uku ne, ita da iyayenta, ba wa ba ƙane, kuma ba ta taɓa jin gida ya yi ƙara haka ba. "Asabar mai zuwa ma za su zo?"

Yau a Panyu nake da nawa iyalin. Gidajen tuwo sun cika gari, ana kawo wa mutum har ƙofa, ba mai hawa bene shida don malmala biyu, ba mai ƙwanƙwasa maka sai ya bugo waya. Har gobe ban yafe wa Alhaji Mamman bokitansa ba. Amma duk Asabar in na buɗe ƙofa, sai na tsinci kaina ina duban wajen ajiye takalma.