Tabarau ɗin Hajaratu

Hajaratu ɗiyar ƙauyen Barmu ce, ita ce mace ta farko a danginsu da ta kai makarantar aikin jinya a Tawa. Aji ɗaya muke, ni na san ta. Tun ranar da ta sa farar riga, Barmu kaf anka yi mata naɗin likita, alhali ko allura ba ta fara yi ba.

Kun san halin mutanenmu. Wanda ya zo asibiti daga ƙauye wurin nasa yake sauka, kuma ba a cewa baƙo ɗaki ya cika. Ɗan ɗakin da take haya ya koma tasha. Ta ba su katifa, ta dama kunu, ta raka su layi, sannan ta zo aji ido jawur. Sau biyu ana kama ta tana gyangyaɗi a wurin koyon aiki, har shugabar sashe ta ce na uku kora ce.

Ana nan sai wasu masu bincike sunka kawo mana wani tabarau mai kauri, wai maganin gajiya da rashin barci. In ka sa, sai ka gan ka bakin teku, wata murya tana cewa ka ja numfashi a hankali, ka saki damuwa. Anka ba Hajaratu ɗaya ta je gida da shi. Wallahi har murna na yi mata, sakarai da ni.

Kawunta Magaji, da ya zo da ciwon kai, shi ya fara cewa a ɗana masa. Ya ga ruwa iya ganinsa, ya yi salati, ya ɓingire da barci. Da ya farka ya rantse ciwo ya tafi. Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya game Barmu: an ba Hajaratu na'urar da ke cire ciwon kai.

Kai jama'a! Masu jiri, masu hawan jini, har da masu son ganin teku kawai. Ta ce ba magani ba ne, sunka ce ta fara rowa. Na ce mata, "Ke, kore su!" Ta dube ni ta ce, "In kori wa? Su sunka sayar da awakinsu na zo nan." Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Wata safiya anka same ta ta kife kai tana barci a gefen gadon wani majinyaci, ruwan da anka sa masa ya ƙare tuni. Anka karɓe tabarau, anka sallame ta.

Ni na raka ta Barmu. Muna sauka daga mota mata sunka yo caa, har da masu guɗa. Babu wadda ta lura da kumburin idonta. Innarta ta karɓi jakar, ta zazzage ta a tsakar gida, ta ɗago kai ta ce, "To, ina na'urar?"