Hannun Hagun Auta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran ɗana, autana, yana da shekara ashirin da tara. Farfaɗiyar da tiyata ta bar masa ce ta kayar da shi a wurin aiki, bai ƙara tashi ba.

Auta, shekara huɗu ke nan da jijiya ta fashe maka a ƙwaƙwalwa, ɓarin damanka ya shanye. Likitoci suka buɗe kanka suka ɗinke. Da magana ta dawo maka, a karkace, abin da ka fara ce min shi ne, "Mama, sun duba, sun ce akwai ƙwaƙwalwar. Sai ki daina cewa ba ni da ita." Kowa a ɗakin ya yi dariya. Ni kuwa na ce ka kama bakinka, asibiti ba wurin wasa ba ne.

Ka koyi tafiya kana dafa bango, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin titi. Ƙafa ta dawo, hannun dama ya ƙi. Ka koma shagon buga takardu, kana yi wa mutane wasiƙun neman aiki da yatsu biyar na hagu. Tsofaffin da ba su iya cike fom ba, kai kake zaunar da su ka cike musu.

Duk wannan ban yaba maka ba. Abu ɗaya na sa wa ido: a gidana ba a cin abinci da hagu. Haka na tarbiyyantar da 'ya'ya shida, na ce ba zan sauya a kan na ƙarshe ba. Likitar gashin ƙashi ta ce a bar ka. Babanku ya ce lalura ce, addini ma ya yi rangwame. Na ce sangarta ce. Sau nawa na cire cokali daga hagunka na cusa a daman, abincin ya zube a rigarka, ka ce ka ƙoshi? In an yi baƙi kuwa, ɗaki nake kai maka kwanonka in ja labule, don kada a ce ɗan wance bai da tarbiyya.

A zaman makoki maigidan shagonku ya ce min, "Hajiya, kullum tare muke cin na rana. Ci yake kamar wanda ya kwana da yunwa. In mun tsokane shi sai ya ce girkinki ya fi ƙarfin a ci shi da hannu ɗaya." Ashe da yunwa kake fita daga gidana, kana kuma rufa min asiri. Na sunkuyar da kai a gaban mutanen da don su nake jan labulen.

Na yi shekaru ina yi wa iyaye mata wa'azi kan tarbiyya. Yau ba ni da bakin magana. Ban taɓa ce wa ɗa ya yafe min ba, ina ganin zubar da girma ne. Auta, ka yafe min.

Ina yi wa babanku, yayyenka da abokan aikinka ta'aziyya. Allah ya jiƙanka, ya sa jinyarka ta zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Ya Allah, ranar da za a raba littattafai, ka warkar masa da hannun nan, ka ba shi nasa a dama.