Takardu Biyu a Jakar Baiko

Kowace safiya, kafin ya taɓa zarto, Kafinta yakan zauna a bakin shagonsa yana miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi. Ya ɗora ƙusa a kan guntun ƙarfe, ya ɗan daddaka ta da guduma, ya ɗaga ta sama ya kanne ido ɗaya, sannan ya jefa ta cikin gwangwani. Idan aka ce masa ya sayi sababbi mana, sai ya ce wadda ta taɓa shan duka ta fi riƙe katako.

Shekararsa sittin da uku. Garin katako ya zauna a gashin girarsa har ba a iya bambanta shi da furfura. Duk bencin da ke cikin majami'arsu shi ya yi, haka mumbarin da ƙanensa ya shekara talatin yana wa'azi a kai.

Su biyu mahaifinsu ya haifa, shi da Auta. Suna samari aka ba gidansu gurbi ɗaya a makarantar horar da fastoci, kuma dukansu suna so. Kafinta ne ya fi karatu, shi ne kuma mai muryar da ke kaiwa bencin ƙarshe. Baba ya ce ba zai zaɓa da bakinsa ba, za a bar wa Ubangiji. Aka yi azumin kwana uku. Baba ya ɗauko takardu biyu da ya rubuta tun kafin azumin, ya naɗe, ya jefa cikin jakar baiko da ake tara sadaka a majami'a, ya yi addu'a har muryarsa ta dishe. Ya ce babban ya sa hannu. Kafinta ya zaro takarda, ya buɗe, ya karanta sunan ƙanensa da bakinsa.

Bai yi kuka ba. Washegari ya ɗauki zarton Baba.

Tun daga ranar ya riƙe magana ɗaya kamar yadda gurgu ke riƙe sanda: Allah ya gama rubuta rabon kowa tun kafin a kafa duniya. Da ita ya raka Auta tasha. Da ita ya zauna a benci na uku kowace Lahadi, yana jin inda wa'azin ya karkace, yana gyarawa a zuciyarsa, bakinsa a rufe. Idan Allah ne da kansa ya ajiye shi a shago, to shagon ba wulaƙanci ba ne, kira ne.

Bayan Auta ya yi ritaya, sai aka ba shi nazarin Maganar Allah na ranar Laraba da la'asar, a ƙaramin ɗakin da ke gefen majami'a, mai fanka ɗaya da ke kuka fiye da yadda take ba da iska. Nan 'yan'uwan biyu suka mai da fagen gardama. Auta ya ce mutum yana da zaɓi, kuma zai amsa a kan zaɓinsa. Kafinta ya ce ko ganye bai faɗuwa sai an rubuta.

Wata Laraba shugabar mata ta yi tambaya: ta yaya mutum zai san nufin Allah ne, ba son zuciyarsa ba?

"Mama, ki tambayi Fasto," in ji Kafinta. "Shi ya ci littattafai, mu garin katako muka ci."

"Kun fara ke nan," ta ce. "Ku bari in gyara zama."

Auta ya ce a yi addu'a, a nemi shawara, a yi amfani da hankalin da Allah ya bayar. Ba a jefa rayuwar mutum cikin jaka.

"A'a, Fasto, sannu! Jakar da ta kai ka mumbari ita kake zagi?"

"Yaya, a bar maganar nan."

"Ba za a bar ta ba. Hankalin wa ya zaɓe ka? Nawa? Na Baba? Hannuna na sa, Allah ya ba ni sunanka. Ka faɗa wa mutanen nan in ƙarya nake."

"Yaya..."

"Faɗi mana! Ko karatun ya ƙare?"

Aka yi dariya. Dariyar ce ta tunzura Auta.

"Duk wadda ka ɗauka sunana za ka gani! Ina tsaye ta taga sa'ad da Baba yake rubutawa. Sunana ya sa a duka biyun."

Fanka ta ci gaba da kukanta. Shugabar mata ta dafe baki.

Auta ya sauke murya. "Idonsa ya fara mutuwa, Yaya. Shago na bukatar hannu, ni kuwa ko ƙusa ban iya bugawa ba. Ya kasa kallon idonka ya faɗa maka."

"Sai ya sa a bakin Allah."

Kafinta ya juya ya fuskanci ƙanensa.

"Kai kuma ka gani, ka yi azumin tare da ni. Kwana uku." Kafinta ya dubi tafin hannunsa, mai kanta da tsofaffin yanka. "Shekara arba'in da huɗu ina gode wa Ubangiji a kan abin da bai ce ba."

"Amma ka duba yadda abin ya zama albarka. Wa ya sani, ko ta hannun Baba ma, nufin Allah ne ya cika. Abin da ya ƙaddara..."

Kafinta ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗin ji.

"Yau kuma ka yarda da ƙaddara, Auta? Ka ƙwace min ita, yanzu kana so ka lulluɓa da ita?"

Rabon da ya kira shi Auta a gaban jama'a tun ranar da aka naɗa shi fasto.

Shugabar mata ta ce, "Mu yi addu'a, don Allah, mu yi addu'a." Kowa ya sunkuyar da kai, Auta ma ya rufe ido, ya fara addu'a, yana roƙon Allah ya nuna musu hanya. Kafinta ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe a hankali, ya ɗauki hularsa, ya fita kafin a ce amin.