Idon Baba Habila

Ina jiran a gyara min birki a wani gareji bayan Kasuwar Muda Lawal, idona na kan wani dattijo mai fenti. Baba Habila na ji ana kiransa. Siriri ne, fenti ya rine masa farce, ƙafar tabaransa ɗaya da zare aka ɗaure ta.

Yana tsugune, riƙe da murfin tankin wata mota ruwan toka. Da shi yake gwada haɗin fenti, don rana ta riga ta ci launin motar, sabon fenti kuma ba ya zama da tsoho sai an tsufar da shi. Yana ɗiga baƙi a gwangwani, ya juya da tsinke, ya shafa a murfin, ya fito rana ya karkata shi. Sai ya kai shi dab da hancinsa.

Mai motar, wata Hajiya, na tsaye gaban ƙofar motar da dattijon ya fesa wa fenti jiya. "Baba, wannan ai ta fi sauran duhu. Ko daga titi ana gani."

"Bari ta sha rana, Hajiya, za ta zauna."

Da ya ɗago, na ga farar yana ta rufe idonsa na dama, ta fara cin na hagu. Ina jin shekara talatin ke nan da idanun nan yake ciyar da gida, kuma bai san wata sana'a ba.

Hajiya ta ja motarta ta tafi, ko murfin ba ta tambaya ba. Shi kuwa ya koma ya tsuguna, yana ƙara baƙi.