Tanderun da Ya Koma Zabi

Shekarun baya, lokacin da na gama digirina na biyu a Samaru, na yi imani da abu guda ba tare da kokwanto ba: idan hukuma ta ɗage wa mai kuɗi haraji, zai kai jarinsa unguwar da ba ta da komai, aikin yi kuma zai biyo shi. Na kare wannan ra'ayi a gaban malamai, na kuma yi wa'azinsa ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni a bas ɗin Samaru zuwa PZ.

A tsakiyar shekarun dubu biyu aka sa ni cikin wani ɗan kwamiti mai ba da shawara kan unguwannin da sana'a ta mutu a cikinsu. Shawarata aka ɗauka: duk wanda ya buɗe sabuwar masana'anta a wani yanki na unguwar Zabi, za a yafe masa kuɗin shago da na allon talla da makamantansu na wasu shekaru.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da gidan burodi a wani lungu na Sabon Gari tun kafin a haife ni. Mai kula da tanderunsa wani dattijo ne Kirista daga kudancin Kaduna, kowa Baba yake ce masa. Wani haɗarin babur ya lalata masa ƙafa, amma ɗakinsa yana manne da tanderun, saboda haka aikin bai taɓa gagararsa ba. Wannan kusancin shi ne duk rufin asirinsa.

Da na kai wa Kawu labari a gidan burodin cikin alfahari, sai ya ce, "To Farfesa, ni me za a rage mini?"

Na ce, "Kawu, tsarin na sababbin masu zuba jari ne."

"Ni tsohon mai zuba jari ne ke nan. Shekara da shekaru ina biya, ko ruwan sanyi ba a taɓa miƙo mini ba. Wanda bai zo ba kuma har an shimfiɗa masa darduma."

Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla: abin da ake nufi da sabuwa, inda iyakar yankin ta tsaya, yadda ake yi wa kamfani rajista. Ya saurara da natsuwar da ban taɓa samu ba a wajen ɗalibai. Baba yana daga ciki yana zare faranti, ya ɗaga murya ya ce, "Malam ƙarami, ku dai bar mana tanderunmu inda yake." Na yi dariya, na ce masa wannan magana ba ta shafe shi ba ko kaɗan.

Watanni suka wuce babu mai zuba jarin da ya zo, har na fara kauce wa 'yan kwamiti. Sai aka sanar da mu cewa wani kamfani mai dogon sunan Turanci zai buɗe a Zabi, kuma ni zan yi jawabin maraba. Na ɗinka sabon kaftani.

Ranar buɗewa an kafa rumfa, an jera kujerun roba, lasifika tana ƙara. Na hangi mahaifiyata da 'yan'uwanta a sahun gaba cikin anko, na ɗauka don ni suka zo, har zuciyata ta yi sanyi. Sai wata mota ta tsaya, Kawu ya fito cikin babbar riga. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce yadda kowa zai ji, "Yallaɓai, mun gode da wannan dama." Sa'an nan ya sunkuyo kunnena: "Ga sabon mai zuba jarinka. Fenti ne da canjin suna."

Na leƙa cikin sabuwar masana'antar. Baƙaƙen farantan nan ne da na sani, ma'aikatan ma su ne, ban da mutum ɗaya. An riga an kira sunana. Na hau, na yi jawabin da na haddace a kan sabon jari da sababbin ayyuka, aka tafa.

Bayan taro na tambayi mahaifiyata ko ta san da wannan. Ta ce, "Ai kai ka koya masa. Ya ce da ba ka zauna ka warware masa ba, da bai gane ba. Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa jin nauyin amsa amin kamar ranar ba.

Washegari na je Sabon Gari. Na tarar da Baba zaune a kan benci, ƙofar gidan burodin da kwaɗo. Ya gaya mini Kawu ya ce masa ya biyo su, amma ana hura tanderu ne tun kafin asuba, lokacin da babu acaɓa, kuma babu ɗakin kwana a sabon wurin.

Baba ya ce, "An ce ka yi jawabi mai kyau. Da Turanci ko da Hausa?"

"Da Hausa, Baba."

"Madalla. Kowa ya ji ke nan."

Ya matsa mini wuri a bencin. Na zauna.

Har yau ban iya ganin laifin Kawu ba. Bai karya doka ba, ya dai fahimce ta fiye da yadda na so. Ban kuma ce rangwamen haraji ba shi da amfani ko'ina ba. Abin da ke sa ni sunkuyar da kai shi ne, duk tsawon zaman kwamitin nan muna ta tambayar wa zai zo, ba mu taɓa tambayar daga ina zai taso ba, ko wa zai bari a can.

Kafin damina ta faɗi, Baba ya koma garinsu wajen 'yarsa. Aka rushe tsohon tanderun, wurin ya zama shagon sayar da katin waya.