Kaset ɗin Hajiya

Shekarun da nake da shagon bidiyo a bakin kasuwar Azare, aikina ɗaukar biki da gyaran kaset. Wata rana wata mata ta kawo mini kaset na yayarta, wata Hajiya da ke cikin takaba. Ya yi fumfuna, a goge. Ta ce kada in yi wasa da shi, marigayi ne ya zo da shi daga ƙasar waje lokacin karatunsa.

Na goge, na saka. Tsohon fim ne na Turawa, tarihin wasu makaɗa mata da miji. Ban ji turancin ba. Na dai ga matar da ta fito a fim ɗin tana kaɗa fiyano, kanta a karkace. Na cire na ajiye.

Ranar Asabar aka kira ni ɗaukar walima, ga shi ba ni da sabon kaset. Na ɗauko na Hajiya. An karya ɗan haƙorin da ke hana a ɗora wani abu a kai. Na liƙe ramin da salatif. A raina na ce mai takaba me za ta yi da kiɗan Turawa.

Da ta fita takaba, ita da kanta ta zo, bayan la'asar. Na ba ta kujera.

"Mai bidiyo, ya gyaru?"

"Ya gyaru, Hajiya. Bari in sa miki a leda."

"Saka mini tukuna. Alhaji yakan ce matar nan ta cikin fim ɗin irin zamana take yi. Ina so in duba ko gaskiya ya faɗa."

Na saka. Mata suka bayyana a allon da kulolin abinci, ana guɗa.

"Mene ne wannan?"

Nan na yi abin da har yau yake damuna. Na ce, "Wataƙila Alhaji ne ya ɗora kafin ya rasu."

Ba ta dube ni ba. Ta matso da kujera, ta gyara tabarau, ta ƙura wa amaryar ido.

"Wannan 'yar maƙwabciyata ce," in ji ta. "Ina takaba aka yi bikin. Daga ɗakina nake jin guɗar."

Ta juyo gare ni.

"Tura shi gaba. Ko akwai saura."

Na tura. Walima ta ƙare, allon ya yi yayyafi, sai ga matar a gaban fiyano, ta tsufa, kanta a karkace. Bai fi minti biyu ba rubutu ya fara hawa.

Hajiya ta sa na mayar sau uku. Sannan ta karɓi kaset ɗin, ta ɓanɓare salatif ɗin da farce, ta manna shi a kan teburina.

"Fim ɗin na yafe," ta ce. "Wanda ka yi wa ƙarya kuwa ba ya nan balle ka roƙe shi."

Na yi shekaru ina wucewa ta ƙofar gidanta a kan acaɓa. Ban taɓa cewa a tsaya ba, har ta rasu.